Tarkwa Bay: za'a iya iyo da hawan igiyar ruwa a wurin? Amsa ga mai tambaya daga Kubwa

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abinda na fahimta a tambayarka shine kuna son sauka Legas hutun Disamba, kai da madam da yara da ƙaninka, an baku labarin Tarkwa Bay cewa waje ne keɓaɓɓe babu hayaniya, kana son sanin ko ya dace da iyo, sannan ƙanin naka ya ga ana hawan igiyar ruwa da allo a TikTok yana son ya gwada tunda ya iya ruwa, a dam ɗin Jos ya koya. Ni aikina koyar da iyo ne a nan Abuja, kuma na zauna Legas ina harkar da ta shafi bakin teku kafin na dawo, toh bari na baka amsar yadda zan bawa ɗan gidanmu.

Eh za'a iya iyo a Tarkwa Bay, kuma a duk bakin tekun Legas yana cikin wuraren da zan yarda mutum ya kai iyalinsa ruwa. Amma ka riƙe wannan da kyau, idan ka sauka a wurin ruwa biyu ne a gabanka ba ɗaya ba. Akwai na cikin lungun da katangun duwatsu suka kare, wanda shine ainihin Tarkwa Bay, akwai kuma na bayan katangar duwatsu da ake kira Lighthouse Beach, tafiyar ƙafa kaɗan ce tsakaninsu, yashi ɗaya rana ɗaya amma halinsu ya sha bamban. Na ciki zaku iya shiga da sharuɗɗan da zan faɗa. Na waje kuwa ku je ku ɗauki hoto ku dawo, kar wanda ya wuce gwiwa, har shi gwanin naku na Jos.

Dalilin bambancin yana cikin yadda wurin ya samu. Lungun nan ba haka yake tun asali ba, Turawan mulkin mallaka ne suka jera katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas tsakanin 1908 zuwa 1912 don yashi ya daina toshe hanyar manyan jirage. A gaɓar tekun nan igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, da aka gindaya katanga sai yashin ya rinƙa taruwa ta ɓangaren yamma, ta gabas kuma aka bar Bar Beach na Victoria Island ba mai kawo masa yashi, teku yayi ta cinsa shekara da shekaru, wurin da yanzu aka cike aka kafa Eko Atlantic kenan. Shi Tarkwa Bay ya faɗo ne a tsakanin katangu biyu, saboda haka kafin igiyar Atlantika ta iso bakin yashin an riga an karya mata ƙarfi, kuma ƙasan yana gangarawa a hankali. Lighthouse Beach babu abinda ya tare shi, kai tsaye yake kallon kudu, igiyar da ta taso tun daga can ƙasan tekun Atlantika ta kudu tayi tafiyar dubban kilomita kusan babu abinda ya tare ta, a nan take saukewa. Gangarensa ma da tsayi, taku biyu uku ruwan da yake cinyarka ya kai ƙirji, igiyar kuma akan yashin take fashewa ta ɗaga mutum ta buga da ƙasa.

Yanzu maganar ƙaninka, don a nan ne hankalina yafi tsayawa. Duk wanda ya taso a Jos ya san dam-dam ɗin da haƙar kuza ta bari, su Rayfield da na wajen Bukuru, kuma ban raina wanda ya koyi ruwa a can ba, ruwa ne mai zurfi mai sanyi, gefensa a tsaye, ya ci mutane ba kaɗan ba. Amma ruwa ne a kwance. Haka Jabi Lake, haka siwimin ful ɗin otal, inda ka bar ruwan nan zaka same shi. Teku tafiya yake, kuma ta fuska fiye da ɗaya a lokaci guda, igiya tana turo ka gaba, ruwan da ya hau yashi yana komawa yana jan ƙafarka, wani kuma yana ɗaukarka a hankali ta gefe har ka ɗago kai kaga rumfarku ta koma can nesa baka san sanda ka matsa ba. Wanda bai iya ruwa ba sam yakan tsaya a bakin yashi saboda tsoro. Wanda nake ji wa tsoro shine saurayi mai ƙarfi da ya saba tsallake dam, shi ne zai kutsa ciki da gadara.

Abinda yake kashe mutane a irin wannan gaɓar shine jan ruwa. Duk ruwan da igiya ta kwaso ta zuba a bakin yashi dole ya koma, toh sai ya nemi hanya mafi sauƙi, wani kwari a cikin yashin ƙasa ko gefen katangar duwatsu, ya tattaru a nan ya fita da gudu kamar rafi a cikin teku. Faɗinsa ba yawa, sau da yawa ƴan mitoci ne zuwa ƴan gomomi, amma gudunsa yana iya haura mita 2 a daƙiƙa ɗaya idan yayi ƙarfi, wanda ko zakaran gasar Olamfik bazai iya kutsawa gaba da gaba dashi ba. Abin takaicin kuma shine a ido wurin yafi ko'ina kyau. Hagu igiya tana fashewa fari fat, dama haka, tsakiya kuma ga wani fili shiru ruwan yayi duhu ya kwanta, baƙo sai yace yauwa ga inda yara zasu shiga. Nan ne bakin jan. Idan ka tsaya ka lura zakaga kumfa ko leda ko ruwa mai launin yashi yana tafiya waje maimakon ya zo gaɓa. Mutanenmu idan aka ce ruwa ya ja wani sai a ce ƴan ruwa ne ko Mami Wata, ni dai abinda idona ya sani kwari ne da ruwa mai komawa, kuma ana iya gane shi tun daga tudu.

Jan ruwa baya danna mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma yana mutuwa da kansa idan ya wuce inda igiya take fashewa. Abinda yake nutsar da mutum shine firgita da gajiya, ya juya yana fafutukar komawa ta inda aka fito dashi, minti biyu uku hannu ya mutu, ya fara shan ruwan gishiri. Ka zaunar da ƙaninka da manyan yaran ka faɗa musu tun a gida: idan ka ji ana tafiya dakai kar kayi kokawa, ka kwanta rigingine ka bar ruwan ya ɗauke ka, ruwan gishiri ma yafi na dam ɗaga mutum, ka ɗaga hannu ɗaya sama a ganka, idan numfashi ya dawo kayi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓar, ba ka fuskance ta ba, har ka fita daga rafin ka shiga inda igiya take fashewa, ita da kanta zata turo ka gida. Kai kuma da kake tudu kar ka faɗa ciki hannu rabbana don ceton wani, iya ruwa fidda kai, ka jefa masa abinda yake yawo a ruwa, jarka ko allo ko rigar ruwa, wato rigar ceto mai hana nutsewa, ka kwala wa ƴan wurin kira. Sau da yawa a irin wannan, gawar mai ceton ake fitowa da ita shi wanda aka je ceta ya tsira.

Ko cikin lungun ma akwai wurare biyu da nake hanawa. Na farko jikin katangar duwatsun, don jan ruwa yana son bin gefenta, duwatsun kuma da santsi da kaifin ƙananan kwanson da suka manne musu, igiya ɗaya ta haɗa ka dasu ka fito jina-jina. Na biyu bakin lungun ta waje, domin gaba kaɗan hanyar manyan jirage ce masu shiga Apapa da Tin Can, nan ne kuma duk ruwan lagun ɗin Legas yake fita idan teku yana janyewa. Teku yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, bambancin tsayin a Legas wajen mita 1 ne kawai amma yawan ruwan da yake bi ta wannan mashigar ba na wasa bane. Ku tsaya tsakiyar yashin inda kuka ga mutane sun fi yawa, manya iya ƙugu zuwa ƙirji, yara iya gwiwa kuma hannun babba yana iya kaiwa garesu.

Lokacin da kuka zaɓa yayi daidai. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris igiyar tana raguwa, ruwan yana da ɗumi wajen digiri 28, ga iskar hunturu da take busowa daga tudu tana gyara fuskar ruwan da safe. Daga Mayu zuwa Satumba labari ya canza, lokacin sanyi ne a kudancin duniya, guguwar can ita take aiko manyan igiyoyi, ga damina, ruwan yana yin datti saboda duk abinda kwatocin Legas suka kwaso, robobi da ledoji da kainuwa, ta wannan mashigar yake fitowa wani kuma ya dawo ya zube a yashin. Gwanayen hawan igiya wannan lokacin suke jira, mai iyali kuma ba nashi bane. Ko a rani ma kar ka sa ran ruwa garau shuɗi irin na hotunan Zanzibar, bakin tashar jiragen ruwa ne, wata rana tsaf wata rana shara. Idan anyi ruwan sama mai ƙarfi jiya, ko kaga maiƙo a saman ruwan, ku haƙura da shiga, mai ciwo a buɗe ma kar ya shiga. Kuma ku je da safe, don da rana ta karkata iskar teku take tasowa daga kudu maso yamma ta hargitsa ruwan.

Hawan igiyar ruwa kuwa, a Najeriya dai Tarkwa Bay ne cibiyarsa, kuma yaran da suka taso a wurin sun iya sosai, wasu tun suna ƙanana suke kan allo, akwai masu koyarwa da masu bada hayar allo. Abinda ya sa wurin yayi suna shine ita katangar, igiya tana shigowa ta daki duwatsun ta dawo ta haɗu da wadda take biye da ita sai su tashi tare suyi tsini, wannan tsinin shi gwanaye suke hawa, kuma irinsa ne ƙaninka yake gani a bidiyo. Ba nan zai fara ba. Mai koyo yana farawa ne a farin kumfa, bayan igiyar ta riga ta fashe, a ruwa iya ƙugu, da babban allo mai laushi irin na soso mai tsawon ƙafa 8 ko 9, ba ƙaramin mai tsini ba wanda yafi kyau a hoto. Zai kwanta akan allon, mai koyarwa ya tura shi, ya dafa ya miƙe. Yawancin samari masu lafiya suna samun tsayuwa na ƴan daƙiƙu a zaman farko ko na biyu, amma ya iya fita can waje da hannunsa ya zaɓi igiya ya hau ta tun bata fashe ba, wannan aikin watanni ne, ba na hutun sati ɗaya ba, gara ya sani tun yanzu kar ya matsa wa kansa.

Kuma allo ba rigar ceto bane. Akwai igiyar roba da ake ɗaura shi a ƙafa, tana tsinkewa, ranar da ta tsinke daga kai sai hannunka. Shi yasa ma'aunin da nake bawa ɗalibaina kafin su taɓa allo shine mutum yayi mita 200 a ful ba tsayawa ba taɓa ƙasa ba riƙe gefe, sannan ya tsaya a wuri mai zurfi minti 10 kansa a sama. Yawancin waɗanda suka ce min sun iya ruwa a mita 50 suke tsayawa suna haki, saboda iyon dam na gudu ne da kai a sama, ba'a koyi fitar da numfashi a cikin ruwa ba. Sauran ƙa'idojin mai koyarwa zai faɗa masa amma bari na ambaci waɗanda suke raunata mutane: kar ya riƙe allon a gabansa tsakaninsa da igiya don zata maka masa shi a fuska, idan zai faɗi ya faɗi a shimfiɗe kar ya tsunduma da ka don ruwan ba zurfi wuya yana karyewa, idan ya ɗago ya rufe kansa da hannu tukun, kuma igiya ɗaya mutum ɗaya, wanda yafi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita. Zai kuma ga ƴan wurin suna bin gefen katanga ruwa yana fitar dasu a sauƙaƙe, jan ruwan nan ne suke hawa da gangan don sun san inda yake ƙarewa, kar ya bi su.

Shi keɓewar da aka yaba maka ita ce daɗin wurin kuma ita ce matsalarsa. Babu titin mota, sai jirgin ruwa, daga jeti, wato inda ake hawa jirgin, a Marina ko Victoria Island wajen minti 15 zuwa 20 ne a mai inji. Ma'ana idan wani abu ya faru babu motar asibiti da zata zo bakin yashi, sai an nemo jirgi an tsallaka sannan a shiga go-sulo ɗin Legas. Kar kuma ka tafi da tunanin akwai ma'aikacin ceto a zaune akan kujera yana kallon yaranka, kaine mai ceton, kuma nutsewa ba irin ta fim bace da ihu da ɗaga hannu, shiru ake yi, yaro yana tsaye a ruwa baki yana shiga yana fita, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, ƙananan yara kuma suna cikin waɗanda abin yafi shafa. Ku raba aiki kai da madam, wanda yake gadi ya ajiye waya gaba ɗaya. Idan Allah ya kiyaye aka fito da mutum baya numfashi, kar a tsaya danna ciki wai a fitar da ruwa, a kwantar dashi a buɗe hanyar iska a hura masa numfashi sau 5, sannan danna ƙirji 30 hurawa 2, ana yi ana kiran 112. Wanda ya shaƙi ruwa ya farfaɗo yana tari shima asibiti za'a kai shi ko yace ya warke.

A jirgin kowa ya sa rigar ruwa a ɗaure, dokar LASWA ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, kuma ka duba akwai daidai jikin yara don ta manya zamewa take ta kan yaro. Jirgin da aka cika maƙil ku bar shi ya tafi. Ka tsayar da lokacin dawowa da mai jirgin tun kafin ku sauka, ku baro wurin da la'asar, kar magariba ta same ku akan ruwa. Ka kuma sani a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin da dama bisa zargin fasa bututun mai na Atlas Cove da yake kusa, saboda haka yanki ne da jami'an tsaro suke sa ido, ku tsaya bakin ruwan kar a shiga yawon leƙe-leƙe cikin daji ko wajen bututu.

Maganar shiru kuma ya danganta da rana. Asabar da Lahadi, balle ƙarshen Disamba da Legas take cika da ƴan hutu, akwai kiɗa da shaye-shaye da shigar da bazaka so yara su gani ba, ga masu babur ɗin ruwa suna ratsawa kusa da masu wanka. Talata ko Laraba da safe wurin kusan naku ne. Ku riƙe kuɗi a hannu don kuɗin shiga da hayar rumfa da kujeru, ku ɗauki ruwan sha mai yawa da abincinku da darduma. Alwala ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi.

Sai kayan shiga ruwa, wannan madam ya shafa kuma ba'a cika faɗa ba. Abaya ko dogon hijabi ko zani idan suka jiƙe nauyi suke, su naɗe ƙafa, igiya kuma ta samu abin kamawa, hijabi mai faɗi yana iya rufe fuska idan mutum ya faɗi. Haka jallabiya da wandon jins ga maza. Akwai kayan wanka na mata masu rufe jiki duka har kai, ana samu a kasuwar Wuse ko a intanet, ko a sa dogon wando mai kama jiki da riga mai dogon hannu mara nauyi wadda ta sauko cinya da ƙaramar hula. Idan ba'a samu ba ta tsaya iya idon sawu, shima akwai daɗinsa. Ƙaninka ma ya sa riga mai kama jiki don allon yana goge ƙirji da ciki.

Da kun isa kar wanda ya ruga ruwa. Ku zauna kwata ɗin awa kuna kallo, don igiya rukuni-rukuni take zuwa, zakaga ruwa ya kwanta na ƴan mintuna sai manya uku huɗu su biyo juna, wanda ya shiga lokacin kwanciyar shi ake yi wa ba-zata. Ka tambayi masu hayar allo ina ne yake ja yau, don kwarin yashi yana canza wuri, kuma su kullum suna cikin ruwan. Shi kuma ƙanin naka daga yanzu zuwa Disamba ya nemi ful mai tsawo a nan Abuja ya rinƙa zuwa sau biyu ko uku a sati, ya koyi fitar da iska ta hanci a cikin ruwa da kwanciya rigingine ba motsi, a gida kuma ya kwanta rub da ciki akan kafet ya rinƙa dafawa yana miƙewa tsaye a tashi ɗaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe. Idan ya cika mita 200 ɗin ka ƙyale shi ya hau allo da mai koyarwa a cikin lungun, idan bai cika ba ya tsaya wanka iya ƙugu tare da yara. Allah ya kai ku lafiya ya dawo daku lafiya, a gaida madam.